Tari a Sahu na Uku

Ranar da aka kawo shi, dusar ƙanƙara ta binne Otaru,
ɗan aike ya hawo matakala yana haki, yana zamewa.
Baƙin akwati ne, bai kai tiren shayi faɗi ba,
nauyi kuwa sai ka ce an yanko ƙarfen titin jirgi.
Maɓalli guda, fitila guda, ita ma ƙanƙanuwa.

'Yata Minori ta duba rasit, ta zube kan tabarma:
"Baba, ai wannan kuɗin mota ne!
Shekara talatin da takwas kana gyaran birki a tasha,
likita ya ce kunnen hagu ya riga ka yin ritaya,
me ya saura da kake nema?"
Na zuba mata shayi, na ƙi tankawa.

Aikinsa ɗaya tak.
Sifiri da ɗaya su kwararo ta baya,
busassu, masu tauri, kamar ɗanyar shinkafa,
su fito ta gaba sun nuna,
tururi na tashi, ƙamshi na bazuwa.

Daren farko bangon ɗakin ya ja da baya.
Ganga ta daina kumburi, ta tsaya da ƙafarta.
Tsirkiyar da ke tsaga kunne a tsohuwar na'ura
ta yi laushi, ba ta rasa kaifinta ba.
Makaɗa da suka cushe a jikin lasifika
kowa ya ɗauki kujerarsa:
wannan hagu, wancan can ciki kusa da labule,
har tazarar da ke tsakaninsu ina iya nunawa.

Tetsuro, maƙwabcina, bai yarda da komai ba sai ma'auni.
Ya ɗaure mini ido da tawul,
ya dinga sauya waya tsakanin sabo da tsoho.
Sau goma. Na ci biyar.
Ya ce, "Ko kwabo aka wurga sama, haka zai samu."
Muka yi dariya har ya ƙware,
ya tafi da takalmina ɗaya bisa mantuwa.

Sai da gari ya yi tsit na ɗauko na Sayoko:
fiyano, zauren taron gari, wani kaka mai nisa,
kaset ɗin da Minori ta juye ya koma lambobi
shekarar da muka dawo gida mu biyu, ba mu uku ba.

Ga ƙarar kujera da ta gyara zama.
Ga feda na nitsewa ƙarƙashin takalminta.
Ga numfashin nan da take ja ta hanci
in ta tunkari wuri mai wuya.
Sannan, a inda kiɗan ya sirance kamar zare,
wani ya yi tari.
Sahu na uku, ɗan dama kaɗan.

Shekara arba'in tana cewa ni ne,
shekara arba'in ina rantsuwa.

Bayan tarin, hannunta ya yi jinkiri,
bai kai ƙiftawar ido ba,
wata 'yar iska ta kuɓuce mata.
Ni da na ɗauka fushi ta yi a daren,
ashe dariya take dannewa.

Da safe Minori ta saka shi a wayarta, ta kara a kunne:
"Baba, tarin ai ga shi a nan ma."
Ƙila.
Ƙila abin da na saya shi ne zama wuri ɗaya.
Ban yi mata musu ba, musu ya ishe ni.

Yanzu kullum in fitilar nan ta kama,
sai na jawo matashi daidai tsakiyar lasifika biyu,
na juya kunnen dama, na jira sahu na uku.
In ya yi tarinsa, na ce, "Ni ne, Sayoko."
Ita kuwa ta ci gaba da kaɗawa.